Ƙungiyoyin Asiri: Muna Zaton Wuta A Maƙera

Akwai wata majalisa da nake zama a Mabera, cikin birnin Sakkwato, bayan sallar isha'i, gefen teburin wani mai shayi, inda ake taɓa komai tun daga farashin buhun gero har rikicin Gabas ta Tsakiya. Wani dare cikin makon jiya ɗan wani abokina ya matso kusa da ni da wayarsa, ya buɗe hoton takardar dala ɗaya ta Amurka, ya ja shi da yatsu biyu har idon nan da ke bisa ginin mai kama da dalar gyaɗa ya cika fuskar wayar. Ya ce, "Baba, ka gani? Su na. Su ka juya duniya, mu muna nan muna kwana." Iluminati yake nufi, ƙungiyar asirin da ake cewa tana riƙe da duniya. Kafin in buɗe baki majalisa ta karɓe zancen. Wannan ya lissafo mawaƙan da suka taɓa rufe ido ɗaya a hoto, wancan ya rantse babu ɗan ƙwallon da ke shahara sai ya ba da jini, wani kuma ya sassauta murya ya ambaci sunan wani attajiri na cikin gari. Muka kai ƙarfe goma sha ɗaya, shayi ya huce a kofi ba wanda ya kula.

A can ƙarshen benci akwai wani bawan Allah mutumin ƙasar Tangaza, wanda ya baro gona da dabbobi ya dawo birni yana tura kurar ruwa. Bai sa baki ba har aka tashi, kuma babu wanda ya juya ya tambaye shi komai. Shirun nan nasa ne ya hana ni sakat har na zauna rubuta wannan.

Ban ga laifin yaron ba. Son leƙa abin da aka rufe jinin ɗan Adam ne, ni ma na ɓata dare fiye da ɗaya ina kallon irin waɗannan hotuna a waya har data ta ƙare. Abin da ke ba ni mamaki shi ne a ce Bahaushe ke firgita don an ce masa wasu suna da sirri, alhali rayuwarsa kaf a kan rufi aka gina ta. Dubi kalmar "asiri" kanta. Da ita muke kiran sammu, mu ce an yi wa wane asiri. Da ita kuma muke roƙo kowace safiya, Allah ya rufa mana asiri. Magidancin da ke ci da iyalinsa bai miƙa wa kowa hannu ba, cewa muke yana da rufin asiri, kuma talaka bai san yabon da ya fi wannan ba. Gidanmu na gado zaure ne, sannan wani zauren, sannan kwana, don kada idon mai wucewa ya faɗa tsakar gida. Inda aka ga zauren bai isa ba sai a ɗauki gawayi a rubuta "ba shiga" a bango. Iyayenmu suka ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Haka sana'o'inmu. Je ka Maƙera Assada ka tambayi dattijon maƙeri yadda ake wasa da jan ƙarfe ranar biki, ka ga ko zai faɗa maka. Wanzami yana da laƙanin tsayar da jini da ba ya bai wa kowa sai ɗansa ko yaron da ya daɗe yana ɗaukar masa zabira. Sarkawa na da nasu na ruwa, Rundawa na da na ƙaho, 'yan tauri na da nasu, 'yan bori ba sa girka a bainar jama'a. Ko a fagen addini, wuridin ɗariƙa sai da izinin muƙaddami, mai shiga halwa kuma rufe ƙofa yake yi. 'Yan Tarun Nana Asma'u taron mata ne zalla, jaji da malfarta a ka tana jagorantar matan ƙauye zuwa wajen malama, babu namijin da ke zama a cikinsu, amma abin da aka koyo a can waƙe ne da ake dawowa a rera a tsakar gida kowa na ji. Mun zauna da waɗannan ƙofofi shekaru aru-aru ba mu kira su ƙungiyar asiri ba. Ko malaman da suka yi wa bori da tsafi raddi, kan shirka suka yi, ba kan an saki asabari ba. Dalilin a bayyane yake: sirrin maƙeri a maƙera ya tsaya. Bai hana ɗanka samun aiki ba, bai karkatar da shari'arka ba, bai ci kuɗin asibitin garinku ba.

Ita kuwa Iluminatin da ta hana majalisarmu shan shayi, tarihinta gajere ne, kuma a rubuce yake. Wani malamin shari'a a jami'ar Ingolstadt da ke Bavariya, cikin Jamus ta yau, mai suna Adam Weishaupt, shi ya kafa ta ranar 1 ga Mayun 1776 da mutum biyar, da nufin rage ikon coci a kan karatu da mulki. Ba ta cika shekara goma ba mai mulkin Bavariya, Karl Theodor, ya haramta ta a 1784 da 1785. Aka bincike gidajen 'ya'yanta, aka kwashe wasiƙunsu, gwamnati ta buga su kowa ya karanta. Weishaupt ya gudu, ya mutu a 1830 yana zaman gudun hijira. Ƙungiyar da ta kasa ɓoye wasiƙunta daga dogaran wata ƙaramar masarauta, ita ce ake ce mana tana riƙe da duniya yau shekara kusan 250. Idon da ke kan dala kuwa ɓangare ne na hatimin Amurka da aka amince da shi a 1782, ba a ɗora shi kan takardar kuɗin ba sai 1935, kuma 1776 da ke rubuce a gindin ginin shekarar da Amurka ta ayyana 'yancinta ce. Iluminatin da ni na san tana aiki a yau ita ce ta WhatsApp da Facebook, wadda ke turo wa matasanmu saƙo cewa a biya kuɗin rajista za a ba su mota da gida. Wannan kam tana shan jini, amma na aljihu.

Kada a ɗauka ina cewa babu ƙungiyoyin asiri, ko ba sa ɓarna. Akwai su, kuma sun yi. Firimason, wadda malamanmu ke kira Masuniyya, ta kafa babban zaurenta a Landan tun 1717, tana nan har gobe, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, ta yi fatawa a 1978 cewa shigarta bai dace da Musulmi ba. A Italiya, cikin Maris ɗin 1981, masu binciken badaƙalar wani mai banki suka shiga ofishin wani mutum mai suna Licio Gelli, suka tarar da jerin sunaye 962 na wani reshen Firimason da ake kira P2: ministoci, 'yan majalisa, janar-janar, shugabannin hukumomin leƙen asiri, manyan 'yan jarida. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki gwamnatin ƙasar ta faɗi. A Afirka ta Kudu, Broederbond, ƙungiyar asiri ta fararen fata da aka kafa a 1918, ita ce ta riƙe ƙashin bayan mulkin wariyar launin fata, har ya zama duk wanda ya shugabanci ƙasar daga 1948 zuwa 1994 ɗanta ne. A nan gida, abin da Wole Soyinka da abokansa shida suka fara a kwalejin Ibadan a 1952 a matsayin kulob na ɗalibai, daga baya ya samu masu kwaikwayo da suka rikiɗe zuwa gatari da bindiga. Ranar 10 ga Yulin 1999 'yan irin waɗannan ƙungiyoyi suka shiga ɗakin kwanan ɗalibai a jami'ar Ile-Ife da asuba suka kashe biyar.

Amma a lura da yadda asirin kowacce ya tonu. Babu wadda aka gano ta hanyar ƙura wa hoton mawaƙi ido ana duba yadda ya murɗe yatsa. P2 alƙalai ne da takardar izinin bincike suka bankaɗo ta. Broederbond 'yan jarida biyu ne suka samu takardunta suka buga dubban sunaye a 1978. Aikin haƙuri ne, na bin takarda da bin sawun kuɗi, irin wanda ba ya daɗin labari a teburin mai shayi.

Tsarin mulkin 1999 ya fi majalisarmu fahimtar inda matsalar take. Sashe na 38 da ya ba kowa 'yancin addini, a ƙaramin sashensa na huɗu ya ce wannan 'yanci bai haɗa da kafa ƙungiyar asiri ko shigarta ba. Sassa na 66 da 107 da 137 da 182 sun hana ɗan irin wannan ƙungiya tsayawa takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa. Sai sashe na 318 ya zo ya fassara kalmar, kuma a nan ne nake so mai karatu ya tsaya. Cikin siffofin da ya kawo akwai taron mutanen da ke amfani da rantsuwa ko alamu na ɓoye don su taimaki junansu ko ta halin ƙaƙa, ba tare da duba cancanta ko adalci ba, a kan haƙƙin waɗanda ba nasu ba. Akwai kuma taron da jama'a ba su san ayyukansa ba, ake ɓoye sunayen mutanensa, ake zamansa a asirce. Babu ƙwarya da jan ƙyalle a wannan fassara, babu baƙin zakara, babu tukunyar jini. Abin da ke ciki shi ne wasu su rufe ƙofa su yanke abin da zai hau kan na waje.

To, mai karatu ya tambayi kansa, wane ɗaki ne a ƙasar nan ya fi kama da wannan siffa? Ɗakin da ake raba guraben aikin gwamnati tun kafin a tallata su, idan ma an tallata. Falon da mutum huɗu ke zama da tsakar dare su zaɓi ɗan takara, gari ya waye a tara wakilai su ɗaga hannu. Zaman da ake sa mai neman kujera ya dafa Alƙur'ani cewa ba zai juya wa ubangida baya ba, rantsuwar da ba a yi wa talakan da zai jefa ƙuri'a ba. Kwangilar da ake bai wa kamfanin da ba shi da ko tebur. Kuɗin tsaro na musamman da ake ware wa gwamnoni da wasu manya, wanda ba a bin kadinsa, ƙungiyar Transparency International mai yaƙi da cin hanci ta ƙiyasta a 2018 cewa yana kai dala miliyan 670 a shekara. Mu da muke kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga daga Isa zuwa Sabon Birni, mun fi kowa haƙƙin sanin inda wannan kuɗi ke shiga. Tun 2011 akwai dokar da ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma takarda ya nemi bayani, a amsa masa cikin kwana bakwai. Na tambayi majalisarmu ko akwai wanda ya taɓa rubuta irin wannan takarda ko da kan rijiyar burtsatse ta unguwa. Aka yi dariya. Ni ma da na yi tambayar ban taɓa rubutawa ba, gara in faɗa.

Ina ganin na san dalili. Zagin Iluminati kyauta ne. Ba wanda zai turo maka 'yan sanda, ba wanda zai cire sunan ƙanenka daga jerin masu tallafi, ba surukin da zai daina gaishe ka. Kuma yana kwantar da rai ta wata fuska: in dai wasu ne can bayan teku ke murɗa komai, to ni ba ni da abin yi sai in tura hoton ga mutum goma in kwanta. Tambayar kansila kuwa tana da tsada, domin gobe za ku haɗu a masallaci.

Da a nan abin ya tsaya da sai a ce ɓata lokaci ne kawai. Sai dai wutar da aka hura da sunan na nesa, na kusa take ƙonawa. A unguwar da na tashi akwai wani mutum da ya yi shekaru yana sayen albasa a gonakin Wurno da Goronyo lokacin da take arha, ya adana ta a rumfunan kara, ya jira ta yi tsada ya loda mota zuwa Kudu. Wasu shekarun rabi ya ruɓe ya tafka asara, ba wanda ya ƙirga masa waɗannan. Shekarar da ta yi kyau ya ɗora bene, ya kai mahaifiyarsa Makka. Sai aka fara raɗa: "Wagga dukiya ba ta albasa ba ta." Da damina ta zo zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke masa yarinya 'yar shekara huɗu, kamar yadda ya ɗauki yara a wasu gidajen layin. A sauran gidajen aka ce Allah ya ba da haƙuri. A nasa aka ce ya ba da ita. Masu zuwa gaisuwa suna satar kallon ɗakin da aka ce ba a buɗewa, ɗakin da ni na san buhunan taki ne da injin ban-ruwa a cikinsa. Bai shekara ba ya sayar da gidan ya tashi. Irin wannan raɗar ce ke sa a kira tsohuwar da ba ta da gata mayya, ita ce ke sa a rufe baƙo da duka a tasha don wani ya yi ihu an shafe masa gaba. Aya ta 12 a Suratul Hujurati ta haɗa hani biyu wuri ɗaya, yawan zato da bin diddigin sirrin mutane, kuma mu mun iya haɗa su biyun a kan maƙwabci a zama ɗaya.

Na san abin da wani zai ce: ai ana ƙulla mana makirci a ɓoye, ba mafarki muke ba. Gaskiya ne, kuma ba sai an je nesa ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da Jihar Kano kan dala miliyan 75. Wanda ya ga wannan ba za a ce masa mahaukaci ba don ya yi ɗari-ɗari. Sai dai a duba abin da kowace hanya ta haifar. Masu bin takarda da kotu sun samo wa iyalai diyya. Jita-jita kuwa ta haifi ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, aka samu yaran da har yau suke jan ƙafa, kuma ba a ayyana cewa ƙasar ta rabu da cutar ba sai 2020, bayan sarakuna ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi sun bi gari-gari suna lallashi.

Batun jama'ar da ke ware kansu su kafa nasu gari ya fi wannan sarƙaƙiya, musamman gare mu Sakkwatawa, domin daularmu daga warewa ta fito. Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Ɗegel zaman kansu suke yi, da shigarsu da ɗabi'unsu, har Gobir ta tsargu da su. A Fabrairun 1804 suka yi hijira zuwa Gudu. Duk wanda zai ce keɓewa laifi ne, to ya fara da tarihin gidansu. Amma Ɗegel ba ta ɓoye karatunta ba. Shehu ya yi shekaru yana yawon wa'azi a Kabi da Zamfara, ya rubuta abin da yake kira gare shi da Larabci, ya waƙe shi da Fulatanci, aka mayar da Hausa don mai noma da mai daka su ji. Wanda ya ƙi shi ya san abin da ya ƙi. Halifa Umar ɗan Abdul'aziz an ruwaito ya ce idan ka ga mutane suna ganawa kan addininsu a ɓoye ban da sauran jama'a, to ka sani ɓata suke assasawa. Aya ta 114 a Suratun Nisa'i kuma ta ce babu alheri a yawancin ganawarsu ta asiri, sai wanda ya yi umarni da sadaka ko kyakkyawan aiki ko sulhu tsakanin mutane. Ma'aunin bai rataya a kan katanga ba, ya rataya a kan abin da ake dafawa a bayanta.

Abin takaici, hukuma a ƙasar nan hali biyu kawai ta sani game da irin waɗannan garuruwa, barci ko rusau. Satiru tana nan kusa da mu, tafiyar mil goma sha huɗu. Ƙauye ne da ya tara malamai masu jiran Mahadi da bayin da suka gudo daga iyayengijinsu. A Fabrairun 1906 suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin. A Maris aka dawo musu da bindiga mai ruwa, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka shafe garin. Shekara ɗari da uku bayan haka, a Agustan 2009, makonni kaɗan bayan rikicin Maiduguri, 'yan sanda suka dira Darul Islam kusa da Mokwa a Jihar Neja, inda dubban mutane suka yi shekaru suna noma da karatu a keɓe. Ba a samu makami ba, amma aka loda su a motoci aka watsa kowa jiharsa, ba tare da an tsaya an tantance wa ke da haɗari, wa ke neman wurin zama lafiya kawai ba. A ɗaya gefen kuma ga 'Yan Awaki a Kano, inda Muhammadu Marwa Maitatsine ya yi shekaru yana tara almajirai, yana mamaye filayen maƙwabta, yana tsine wa mai agogo da mai keke a fili. Maƙwabta sun yi ta kuka. Ba a motsa da gaske ba sai Disambar 1980, kuma alƙaluman gwamnati suka ce mutum 4,177 suka mutu.

Tsakanin barci da rusau akwai tambayoyin da mai unguwa ma zai iya yi, ba sai jami'in leƙen asiri ba. Wanda ya shiga, yana iya fita ya dawo cikin danginsa lafiya? Uwa na iya zuwa ganin ɗiyarta da aka aura a ciki? Yaran wurin, akwai wani na waje da ke ganin lafiyarsu da karatunsu? Sannan babbar tambaya: dokarsu a kansu ta tsaya, ko sun fara ɗora ta a kan maƙwabta? Jama'ar da ta ce ba ta son talabijin a gidajenta, ruwanta. Ranar da ta fara fasa wayar ɗan ƙauyen da ke kusa, ranar ta tashi daga masu zuhudu ta koma masu neman mulki, ko da ba ta harba harsashi ɗaya ba tukuna.

Wannan ya dawo da ni Gudu, ƙasar da Shehu ya yi wa hijira, da maƙwabciyarta Tangaza. Wajen 2017 zuwa 2018 wasu baƙi masu ɗauke da makamai suka shigo ta iyakar Nijar suka zauna a dazukan yankin. Da farko wasu sun yi maraba da su, domin ɓarayin shanu sun addabi mutane kuma babu mai kawo ɗauki. Suka kori ɓarayin. Daga nan suka fara wa'azi a ƙauyuka, suka fara karɓar zakkar dabbobi da ƙarfi, suka fara yi wa matasa bulala kan jin kiɗa. Mutanen yankin sun yi magana tun 2018, labarin har ya shiga jaridu, aka fito aka ce makiyaya ne da ke zuwa kiwo, a kwantar da hankali. Sai a Nuwambar 2024 hedikwatar tsaro ta sanar da ƙasa cewa ga wata "sabuwar" ƙungiya mai suna Lakurawa. A cikin watan suka kashe aƙalla mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Jihar Kebbi, kuma a Janairun 2025 babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda. Shekara shida ke nan tsakanin kukan ƙauye da amsar Abuja. A cikin shekarun nan shida, bidiyo nawa muka tura wa juna kan idon da ke jikin dala? Mu da ke birni, tafiyar da ba ta kai yini ba tsakaninmu da su, mun fi sanin alamun Firimason a kan sunayen ƙauyukan da aka karɓe wa shanu. Ana zaton wuta a maƙera, ta tashi a masaƙa, masaƙar ma ta bayan gidanmu.

Ba ina neman a kashe son sani ba, domin al'ummar da ba ta tambaya ita ake yi wa sakiyar da ba ruwa. So nake ɗan abokina, da wayarsa da kaifin idonsa da haƙurin zama har sha ɗayan dare, ya juya su ga kasafin kuɗin ƙaramar hukumarsu, ga jerin waɗanda aka ɗauka aiki bara, ga baƙin da aka ce sun yi sansani a dajin da kakarsa ke zuwa itace. Waɗannan ana iya gano gaskiyarsu, kuma ganowar tana iya canza wani abu kafin damina mai zuwa.

Washegari da hantsi na ci karo da mutumin Tangaza a bakin famfo yana jera jarkoki cikin kura. Muka gaisa, na ce masa jiya ban ji bakinsa ba a zancen 'yan asiri. Ya ɗaure bakin jarka, ya ɗan yi murmushi. Ya ce, "Malam, mi zan ce? Mu namu ba su ɓoye ba. Da rana tsaka sunka zo bisa babura, sunka yi sallama, har ruwa munka ba su." Na tambaye shi shanu nawa suka tafi da su. Ya ce goma sha ɗaya, da ɗan maraƙin da aka haifa da kaka. Sai layi ya zo kansa, ya ja kurarsa ya matsa gaba.